Sabulun Kwana Uku

Ranar da Injiniya ya gama haɗa shagon, sai da ya sa aka kashe rediyo aka tara mutanen gidan a falo. Injiniya dai ba injiniyan komai ba ne. Kwas na wata uku ya yi a waya, kan yadda ake buɗe shago a intanet, tun daga nan ya daina jin kira idan ba da wannan suna aka yi ba. Ya ɗora kwamfutarsa a kan tebur, ya juya fuskarta wajen mahaifinsa, maigidan, sannan ya dubi matarsa, wadda har yanzu Amarya ake ce mata duk da ta shekara biyu a gidan.

"Kira mana Gwaggo. Ai kayanta ne."

Gwaggo yayar maigidan ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A ɗakin baya take zaune, kusa da rumfar da take haɗa sabulu. Sau biyu a wata take haɗawa, matan unguwa su zo bakin ƙofa su saya. Ta shigo tana goge hannu a zani, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ga kujera kuwa babu kowa a kai.

Injiniya ya danna. Shafi ya buɗe fari tas, da rubutu kore. Ga sabulun Gwaggo a tsakiya, an naɗe shi da takarda mai ruwan ƙasa, an ɗaure da siririn zare, an yi masa ɗan ƙulli mai kunnuwa biyu. Wasu hannuwa ne suke riƙe da shi, sumul-sumul, farata a gyare.

"Sabuluna ne wannan," in ji Gwaggo. "To hannun fa?"

"Na Amarya ne."

"Ikon Allah. Yaushe ta fara?"

Amarya ta rufe baki tana dariya. Injiniya ya gyara zama ya yi bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ya tashi daga ciwo. Ya ce a intanet mutum ba ya shinshina kaya, ba ya taɓawa, ido ne kawai ke saye, ido kuwa abin da ya burge shi yake bi. Ya nuna musu inda ake danna sabulu ya faɗa kwando, da inda ake rubuta adireshi. Ya ce danni uku kawai, an gama ciniki, ko makaho ba zai ɓata ba. Maigida yana ta gyaɗa kai kamar shi ya koya masa.

Gwaggo ba ta karatu. Ta miƙa yatsa ta nuna wani babban rubutu da ke sama.

"Wancan me ya ce?"

"Ya ce za a kawo maka cikin kwana uku."

"Idan akwai."

"Kullum akwai, Gwaggo."

"To ina wurin da za ka rubuta ya ƙare?"

Injiniya ya yi murmushi, don dama tambayar da yake jira ke nan. Ya ce wurin yana nan a tsarin da aka ba su, shi ne ya cire da kansa. Malaminsu ya gaya musu kalmar nan ita ce ke kashe shago. Kwastoma ya ga "ya ƙare" sau ɗaya, ya tafi ke nan, ba ya waiwaye.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "sabulu ba shayi ba ne. Daga ranar da na zuba shi a akwati, sai ya yi wata guda a kan katako yana shan iska kafin zafin sodar ya mutu. Kafin nan cizo yake yi."

Maigida ya ɗaga hannu. "Yaya, ki bar yaro ya yi aikinsa. Zamani ne. Ke dai naki haɗawa."

Ta ce to. Ta tashi ta koma rumfa.

Shagon ya karɓu, wannan ba a ƙi ba. Duk odar da ta shigo sai wayar Injiniya ta yi wata 'yar ƙara kamar an buga cokali a kofi. Ranar farko sau huɗu ta yi, sai da ya zagaya gidan yana nuna wa kowa. Kafin sati biyu an daina ƙirgawa. Mai babur yana zuwa da hantsi ya ɗauki kaya, ya dawo da la'asar ya ɗauki wasu. Masu saye suna rubuta yabo a ƙasan hoton, kowa ya ba da taurari biyar. Amarya ce ke amsa musu, tana kwance a doguwar kujera: "Mun gode, da ƙauna muke haɗa shi." Wata ta tambaye ta sirrin laushin hannunta, ta ce sabulun ne.

Sabulun da ya nuna, wanda Gwaggo ta jera tun watan jiya, ya ƙare ranar wata Laraba. Injiniya ya zo rumfa da wayarsa a hannu, ya tsaya daga nesa don kada mai ya taɓa masa takalmi.

"Gwaggo, talatin da biyu gobe."

"Babu."

"Wancan fa?" Ya nuna akwatunan katako biyu da ta zuba shekaranjiya.

Ta ɗauki wuƙa ta yanko ɗan gefe, ta taɓa shi a kan harshenta, ta tofar da sauri.

"Ka gani? Yana cizo. Zo ka taɓa da naka harshen."

"Haba Gwaggo, ni zan lashi sabulu?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Harshe ai ba ma'auni ba ne. Ga shi ya daskare, ga ƙamshi. Me ya rage?"

"Wata guda ya rage."

"Shafi ya ce kwana uku."

"To shafin ya zo ya yanka."

Ya juya ya shiga gida. Can sai ga maigida ya fito da butarsa a hannu, ya tsaya a bakin rumfa yana gyaran murya. Ya ce shi bai san komai ba a harkar intanet, amma ya san alkawari. An yi wa mutane alkawari da sunan gidan nan. Idan aka saɓa, ba Injiniya za a zaga ba, shi za a zaga.

"Ba ni na yi alkawarin ba," in ji Gwaggo.

"Yaya, gida ɗaya muke. Abin da ya shigo, cikinmu duka yake shiga. Wannan karon kawai, kafin a daidaita."

Ta yanka. Sabulun yana da taushi kamar cuku, yana manne wa wuƙa. Tana da safar hannu ta roba mai kauri wadda take sawa lokacin haɗa soda, da ita ta fara naɗewa. Sai dai yatsun roba ba sa kama siririn zare. Ƙullin farko ya fito kamar an ɗaure buhu. Injiniya ya ɗaga shi sama, ya ɗora kusa da hoton da ke wayarsa.

"Ba haka yake a shafi ba. Abin da kwastoma ya gani, shi zai karɓa. Dokar farko ke nan."

"To a canja hoton."

"Hoton ne shagon, Gwaggo."

Ta cire safar. Ta naɗe talatin da biyu da hannunta tsirara, ta yi wa kowanne ƙulli mai kunnuwa biyu. Da ta gama, tafin hannunta ya yi ja, yana santsi kamar an shafa masa mai. Ta wanke da ruwa mai yawa, ta zauna ta ɗora su a gwiwa tana hura musu iska.

Ba a daidaita ba. Karon nan ɗaya ya zama kullum. Da asuba ta jiƙa soda, da hantsi ta haɗa da mai tana juyawa da muciya har kafaɗa ta ƙage, ta zuba a akwati, sannan ta juya kan na jiya ta yanka, ta naɗe na shekaranjiya. Katakon da sabulu ke kwana a kai wata guda ya zama wurin ajiye kwali. Matan unguwa da suka saba zuwa bakin ƙofa, Injiniya ya ce a riƙa gaya musu su shiga shafi. Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ba ta so ta miƙa wa wadda ta sani wannan sabulun.

Fatar yatsunta ta fara saɓulewa, sannan ta tsattsage a gaɓoɓi. Zaren yana shiga cikin tsagar idan ta ja ƙulli. Alwala ta zama abin da take tsayawa ta yi shiri kafin ta fara, ta cije leɓe sannan ta zuba ruwa. Kofin shayi da tafuka biyu take ɗagawa, yatsu a miƙe. Wata rana jini ya ɗiga a takardar naɗi, Injiniya ya gani, ya ce a riƙa lura, takardar nan daga nesa ake kawo ta.

Ranar da oda ta yi yawa sosai, ta leƙa falo.

"Amarya, zo ki kama mini ɗaurin nan mana. Naɗewa kawai, ba haɗawa ba."

Amarya ta tashi zaune, ta dubi hannuwanta gaba da baya.

"Wallahi Gwaggo da na zo. Amma Injiniya ya hana ni taɓa ko omo. Ya ce hannun nan shi ne fuskar shago, ranar Asabar ma za a sake sabon hoto. Kuma ga kwastomomi ina amsawa, kin san su, minti biyar ba ka amsa ba sun fara fushi."

"Allah sarki. Aiki ya yi miki yawa."

"Ke dai bari, Gwaggo. Babban yatsana har ciwo yake."

Gwaggo ta dube ta, ta dubi babban yatsan. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma.

A sati na shida ta je kemis ɗin da ke bakin titi. Mai kemis ya sa ta buɗe hannun a kan kanta, ya duba, ya ja tsaki.

"Mama, me kike taɓawa?"

Ta gaya masa.

"Ki bari. Sati biyu ko uku, kada ki taɓa ko kumfarsa. Wannan yatsan ya fara ruwa. Idan ƙwayar cuta ta shiga ciki, ba maganar kemis ba ce kuma."

Ya ba ta man shafawa da bandeji. Ta dawo ta sami maigida a ƙofar gida yana sauraron labarai, ta tsuguna ta gaya masa abin da aka ce, ba ta ƙara ba ta rage ba.

"Mai kemis," in ji maigida. "Shi da ba likita ba. Su ai haka suke, su tsorata mutum ya sayi magani. Mu da muka taso muna ganin Inna tana wanki da toka, hannunta ya faɗi ne?"

"Inna ba ta naɗe hamsin a rana ba."

"Yaya, ki yi haƙuri. Yaron nan shekara nawa yana zaune ba aiki, kina gani. Yanzu Allah ya buɗa masa, mu ne za mu rufe? Bari zan yi masa magana."

Ya yi masa magana kuwa. Washegari Injiniya ya shigo rumfa da sabuwar kujerar roba, shuɗiya, ya ajiye mata da hannu biyu, ya ce don ta daina durƙuso. Sai da ya ɗauki hoton kujerar. A ranar ce kuma ya ƙara wani abu a shafi: wanda ya sayi biyu za a ba shi na uku kyauta, na sati ɗaya. Ya sa agogo ja a saman shafin yana ƙirga lokacin da ya rage, don malaminsu ya ce mutum ba ya saye sai an tsaya masa a ka.

Gwaggo ta naɗe yatsu da bandeji ta ci gaba. Bandejin yana jiƙewa da ɗanyen sabulu, ya riƙe zafin a kan ciwon, gara ma babu shi. Ta cire.

Sai taurari suka fara zubewa. Wani ya rubuta cewa sabulun ya narke a kwana huɗu. Wata ta ce jikinta ƙaiƙayi yake tun da ta fara. Sannan wata mai jego ta sa hoton bayan jaririnta, ja wur da ƙuraje, ta rubuta magana mai tsawo, mutane suka yi ta turawa juna. Kafin azahar, taurari biyar suka koma biyu. Wayar Injiniya ta yi shiru, irin shirun da ba a taɓa ji ba a gidan.

Aka sake taruwa a falo. Wannan karon ba a ce kayanta ba ne, amma an kira ta.

"Ni abin da nake gani," in ji Injiniya, yana kallon silin, "awon sodar ne ya kauce. Shekaru ne, ba laifin kowa ba. Ido ya fara rauni."

"Idona ƙalau," in ji Gwaggo. "Na ce maka yana cizo. Na ce ka taɓa da harshenka."

"Ba lokacin tone-tone ba ne, Yaya," in ji maigida. "Gyara muke nema."

Gyaran ma yana cikin kwas. Injiniya ya ce idan shago ya yi kuskure, ba a ɓoyewa, fitowa ake yi a ba da haƙuri, kuma da fuskar mutum, don mutane sun fi yafe wa fuska. Kowa ya juya ya dubi Amarya, tunda ita ce a shafin da aka rubuta "Labarinmu", tana murmushi a ƙarƙashin bayanin yadda ta fara haɗa sabulu tun tana yarinya.

"Ni?" Amarya ta dafe ƙirji. "Ni da ko sodar ban san kalarta ba? Su cinye ni ɗanya?"

Injiniya ya ce gaskiya ne, kuma dama tsohuwa ta fi shiga rai.

Da la'asar aka fito da shuɗiyar kujera, aka ajiye ta inda haske ya fi kyau. Amarya ta ara wa Gwaggo farin mayafi, ta gyara mata shi a kafaɗa. Injiniya ya kafa waya, ya leƙa, ya ɓata fuska.

"Gwaggo, sa hannun a ƙarƙashin mayafin. Sabulun gyaran fata muke sayarwa."

Ta sa. Ya karanta mata abin da za ta faɗa sau uku: ni ce mai haɗa sabulun nan, na yi kuskure a awo, ku yafe mini, ba za a sake ba.

"Bismillah. Fara."

Gwaggo ta dubi wayar. "Ni ce mai haɗa sabulun nan. Bai nuna ba aka aiko muku. Baiwar Allah mai jariri, ki daina yi masa wanka da shi, ki ajiye shi wata guda a inda iska..."

"Tsaya, tsaya. Ba haka na ce ba."

"Haka ne dai."

Suka sake. Ta sake faɗin nata. A karo na huɗu Injiniya ya buga ƙafa a ƙasa ya kira mahaifinsa. Maigida ya zo ya tsaya a bayan waya, bai ɗaga murya ba, shi ba mai faɗa ba ne.

"Yaya, shekara nawa kina gidan nan, na taɓa ce miki ɗakin nan ina da buƙatarsa? Ban taɓa ba. Mutane sun sha ba ni shawara, na ce yayata ce. Yau abu kaɗan ake roƙonki. Magana huɗu."

Gwaggo ta daɗe tana kallonsa. Ita ta goya shi, amma ba ta ce ba. Ta juya wajen waya ta faɗi magana huɗun, daidai yadda aka rubuta. Muryarta ta ɗan karye a wajen "ku yafe mini". Injiniya ya ce wurin ne ya fi kyau.

Bidiyon ya yi abin da ko malaminsu bai yi alkawari ba. Mutane suka yi ta rubutu: Allah sarki Mama, kuskure na kowa ne. Ta tuna mini da kakata. A turo mini biyar don Mama. Taurari suka hau. Injiniya ya cire hoton Amarya daga shafin farko ya sa na Gwaggo da farin mayafi, Amarya ta yi fushin kwana biyu. Game da sabulun, ya ce a rage soda kaɗan a ƙara turare, sannan ya sa ƙaramin rubutu can ƙasa, inda ba mai kaiwa, cewa a gwada a bayan hannu tukuna. Babban rubutun da ke sama bai taɓa shi ba.

"Kin gani?" ya ce mata a rumfa, yana nuna mata wayar. "Kin zama tauraruwa. Tamanin gobe."

Manuniyar hannun dama ce ta fara kumbura, sannan na kusa da ita. Suka yi tauri, suka yi zafi kamar an dafa, kumburin ya gangaro tafin hannu. Ta koma ɗaure ƙulli da babban yatsa da ɗan ƙaramin, tana ja da haƙori. Ta yi kwana biyar a haka, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, Amarya tana miƙo mata ƙwayar ciwon kai daga bakin rumfa. Rana ta shida da hantsi mai babur ya shigo ɗaukar kaya ya same ta a ƙasa, ta jingina da ƙafar kujerar, zare a bakinta. Shi ya yi ihu. Kafin a samo mota, Injiniya ya roƙe shi ya tafi da waɗanda aka riga aka naɗe, tunda ya zo.

A asibiti, likitar da ta duba ta mace ce mai ƙaramin jiki da kaifin baki. Ta buɗe hannun, ta rufe, ta dubi maigida.

"Kai ne ɗanta?"

"Ƙaninta ne."

"Tun yaushe hannun nan yake haka?"

"Wallahi, likita, ba ta faɗa mana ba. Kin san tsofaffi da ɓoye ciwo. Kuma ba ta jin magana, mun yi mun yi ta huta."

Likita ta juya wajen Gwaggo. "Haka ne, Mama?"

Gwaggo ta rufe ido.

Yatsu biyu aka cire. Sauran ukun, likita ta ce za su warke amma ba za su ƙara lanƙwasa kamar da ba, na hagu ma sai an yi ta gashi. Maigida ya yi salati, ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya maimaita wa duk wanda ya zo dubiya har maganar ta yi santsi a bakinsa.

Rana ta uku Injiniya ya zo da lemo a leda. Ya zauna a bakin gado, ya yi mata sannu sau biyu, ya yaba tsabtar ɗakin. Sannan ya ciro waya ya danna wurin ɗaukar murya, ya ajiye ta a kan filo kusa da bakinta.

"Gwaggo, na samo mata biyu da za su riƙa haɗawa, ke ki huta gaba ɗaya. Awon kawai nake so. Soda nawa, mai nawa, ruwa nawa. A hankali, ba sauri."

Matar da ke gadon kusa ta daina tauna abin da take ci, ta zuba musu ido.

"Oda ta taru ne?" in ji Gwaggo.

"Ta ɗan taru."

"Ni ban taɓa aunawa da kai ba, ɗan nan. Ban san lamba ba. In na ɗebo na ji nauyinsa, na san ya isa. In na juya muciya na ji yadda take ja, na san ya haɗu." Ta ɗago hannun dama, ƙato da farin bandeji, ta ajiye shi a kan wayar. "Shi ya sani. Tambaye shi."

"Gwaggo, ba wasa nake ba."

"Ni ma."

Ya ja wayarsa a hankali daga ƙarƙashin bandejin, ya goge ta a wando. Da ya fita, a baranda aka ji yana gaya wa mahaifinsa cewa Gwaggo ta ƙi ba da haɗin kai, kuma irin wannan hali shi ke hana ƙananan sana'o'i girma.

Shagon bai rufe ba, kada wani ya damu. Injiniya ya samo inda ake sayar da sabulu a manyan sanduna daga masana'anta. Matan nan biyu suna yankawa, suna naɗewa da takarda mai ruwan ƙasa, ba ya cizon kowa. Yana isa cikin kwana uku. Taurari biyar cif. Idan ka shiga shafin yau, Gwaggo ce za ta tarbe ka da farin mayafi, a ƙasa an rubuta cewa kowane sabulu ita ta haɗa shi da kanta, yadda ta gada. Mutane suna aiko mata da gaisuwa, Amarya tana amsawa: "Mama ta gode, tana sa muku albarka."

Ita kuwa tana ɗakin baya. Ba a kore ta ba, maigida yana yawan tuna wa mutane wannan. Cokali take riƙewa a tsakanin babban yatsa da tafi, rabi ya kai baki rabi ya koma kwano. Abin da ya gagare ta shi ne ɗankwali. Kullum da safe sai ta ɗora shi a ka, ta fito bakin ƙofa ta zauna, gefe biyun suna reto, tana jiran wanda zai wuce ya ɗaure mata. Amarya takan ce tana zuwa, bari ta sallami kwastoma ɗaya.

Ran nan har rana ta take tana zaune a wurin. Maigida ya fito zai tafi kasuwa, ya hango ta, ya ƙaraso da fara'arsa.

"Yaya, ya ƙarfin jiki? Jiya wani abokina ya ganki a waya. Ya ce wallahi kin fi kowa sa'ar dangi."

Ya gyara hularsa da hannu biyu, ya wuce.